Na iya kodin amma ba ni da abin nunawa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Zariya, na koyi HTML da CSS da ɗan JavaScript, yarukan gina shafin intanet, a YouTube, yanzu duk inda na nemi aiki sai a ce in turo shafina su ga ayyukana. Na fara haɗa shi da React, wani kayan aikin JavaScript na gina shafi, har da abubuwa masu motsi amma abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ga shi ba ni da katin dala na sayen domen, wato sunan adireshin shafin. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ajiye React ɗin nan tukuna don Allah. Shafi ɗaya ne fa, sunanka da abin da ka iya da ayyukanka sai yadda za a same ka, HTML da CSS ma sun wadatar.

Maganar kuɗi kuwa ko sisi ba sai ka kashe ba. Buɗe repo, wato ma'ajiyar kod, a GitHub, dandalin da masu kodin ke ajiye ayyukansu, ka sa masa sunan akawun ɗinka sai .github.io a ƙarshe, ka jefa fayil ɗin shafinka mai suna index.html ciki, GitHub Pages zai ɗora maka shi kyauta har da HTTPS na tsaron shafi, sai dai ba ya gudanar da PHP, yaren da ake iya karɓar saƙon fom da shi, don haka maimakon fom kawai ka sa imel ɗinka. In hali ya samu daga baya ka sayi domen na .com.ng, da naira ake biya wurin kamfanonin da NiRA, ƙungiyar da ke kula da domen na .ng, ta amince da su.

Inda gizo ke saƙar shi ne ayyukan da za ka zuba a ciki. Kalkuletan nan da ka bi bidiyo ka kwafa, duk wanda ya kalli bidiyon yana da irinsa, mai ɗaukar aiki ya gaji da ganinsu. Je wurin telan unguwarku ka yi masa ɗan shafin da zai riƙa ajiye awon kwastomomi da ranar karɓar ɗinki, ko islamiyyarku ka haɗa musu na duba sakamakon yara, ko ba a biya ka ba dai ka samu abin da mutum na gaske ke amfani da shi. Uku irin wannan sun isa. Ƙarƙashin kowanne ka rubuta mece ce matsalar, me ka yi, ina ya ba ka wahala, sannan link biyu, na aikin da na kod ɗin, kuma ka tabbata suna buɗewa.

Sandunan nan da ake sawa a shafi don nuna ƙwarewa, irin na "JavaScript 90%", in ka sa su kuma cire su, kashi 90 na me?

In ka gama kar ka yarda da yadda ya fito a laptop ɗinka, ari ƙaramar itel ta ƙaninka ka buɗe shi da data lokacin da netwok ke ja, in ya tsaya yana juyi to hotunanka ne suka yi nauyi, rage girmansu ka mayar da su WebP, tsarin hoto mara nauyi, ka sake gwadawa.