Maganin wanke inji: in bari a zuba wa Camry ɗina ko kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne a Makka, ina zaune wajen Shara Mansur. Kwanan baya na sayi Camry ƙirar 2012 a harajin Jidda, wato kasuwar gwanjon motoci, ta ci kilomita 280,000, kuma wanda ya sayar min bai ba ni wata takardar juye ba. Da na je banshar, wato shagon faci da juye, yaron shagon ya buɗe murfin baƙin mai ya nuna min dauɗa ta kama shi, ya ce sai an zuba maganin wanke inji kafin sabon mai. Wani abokina kuma ya ce in zuba dizal kawai, ya fi arha kuma aikinsu ɗaya. Wanne zan bi? Sannan wanda ake zubawa a tankin fetur fa, shi ma yana da illa?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sanya alheri a motar, ya tsare hanya.

Kada ka bari a zuba tukuna. Motar da ta ci kilomita 280,000 kuma ba a san yadda aka riƙe ta ba, ita ce motar da na fi jin tsoron a zuba wa wannan magani, duk da cewa ita ce aka fi tallata wa shi. Injin da yake da tsabta ba ya buƙatarsa. Wanda ya yi dauɗa sosai kuwa, maganin na iya ƙarasa shi.

Ga yadda abin yake aiki. Ana zuba shi a cikin tsohon mai, a tayar da mota a bar ta tsaye minti 10 zuwa 15, sannan a juye. Sinadaran da ke ciki suna tsinka man, suna jiƙa dauɗar da ta manne a bango. Idan dauɗar 'yar shafa ce mai laushi, sai ta narke ta bi tsohon mai ta fita, ba komai. Amma dauɗar da ta shekara tana gasuwa ba ta narkewa a minti 15, ɓallewa take yi gutsure-gutsure. Gutsuren nan duk ƙasa suke gangarawa, cikin kaskon mai, inda bakin famfon mai yake da wata raga mai ƙananan ƙofofi. Duk man da injin zai sha sai ya bi ta wannan raga. Ka tuna ruwan farko na damina a gida, yadda yake kwaso sharar rani duka ya kai ta bakin kwalbati ya toshe. Haka ragar take cika, famfo ya riƙa zuƙa ba ya samun isasshe, metal, wato bearin ɗin cikin inji, ya fara gogar ƙarfe babu mai a tsakani. Abin takaicin shi ne ba a gaban mai shagon hakan ke faruwa ba. Sai ka ɗauki fasinja ka kama hawan Hada za ka Ɗa'if, injin ya yi zafi yana neman mai da yawa, a nan jar fitilar mai za ta kama, in ba a yi sa'a ba injin ya buga.

Injin motarka, mai girman lita 2.5, yana da ƙarin wurin da yake jin ciwo. Yana da tsarin da Toyota ke kira VVT-i, wanda ke amfani da ƙarfin baƙin mai wajen sauya lokacin buɗewar bawul. Man yana bi ta siraran hanyoyi da 'yan ƙananan ragogi kafin ya isa can. Ɗan gutsuren da ya tsallake ya isa ya sa mota ta fara rawa a tsaye, ko ta yi ƙara da safe, ko fitilar inji ta kama. Motoci masu turbo sun fi haka laushi, don bututun da ke kai wa turbo mai siriri ne ƙwarai.

Sai maganar yoyo. Za ka ji mutum yana rantsuwa cewa magani ya cinye masa sil. Wani lokaci gaskiya ne, sinadari mai kaifi yana busar da roba. Amma galibi sil ɗin ya riga ya taurare ya tsage tun tuni, dauɗa ce ta liƙe tsagar. Da aka wanke, sai ɗigo ya bayyana a ƙasan mota. Ko laifin wane ne, kai za ka biya kuɗin gyara, kuma sil ɗin bayan inji sai an sauke giya kafin a kai gare shi.

Dizal kuwa, ka ba abokinka haƙuri. Dabara ce ta zamanin injunan da ba su da waɗannan siraran hanyoyi. Baƙin mai ya fi dizal kauri fiye da ninki goma, kuma kaurin nan ne yake raba ƙarfe da ƙarfe. Sannan juye ba ya fitar da komai da komai. Injinka yana cin kusan lita 4.4 na baƙin mai idan aka sauya har da filta, amma akwai rabin lita ko fiye da ke maƙalewa a loko-loko. Ke nan sabon man da ka saya da kuɗinka zai fara aiki a gauraye da dizal, a garin da zafin bazara ke wuce digiri 45.

Kuma ka sani murfin mai ba shaida ba ce. Wuri ne da tururin mai ke taruwa ya daskare, kusan kowace tsohuwar mota za ka ga ya yi baƙi. Ba na cewa yaron shagon yana da mugun nufi, amma gwangwanin nan yana da riba, kuma murfi shi ne abu mafi sauƙin nunawa. In kana son gaskiyar cikin injinka, ka je sana'iyya, wato unguwar masu gyaran mota, wurin bakaniken da ka yarda da shi, ya cire murfin saman inji gaba ɗaya, aikin da bai fi awa ɗaya ko biyu ba. Motarka ma tana da wata sauƙin: filtarta ta takarda ce da ake zarowa daga gidanta, sai a buɗe ninkin a ga abin da ta tare.

Idan aka buɗe aka ga launin ruwan zuma ko ja-ja a jikin ƙarfe, ka gode wa Allah a mayar da murfi, wannan launin shekaru ne kawai. Idan aka ga baƙar dauɗa mai laushi nan da can, baƙin mai mai kyau da kansa zai yi wankin, domin kowane man kirki an riga an haɗa shi da sinadaran wanki da masu riƙe dauɗa kada ta zauna. Ka sayi wanda ke da alamar API SP, ma'aunin da ya fito a 2020, ko aƙalla SN, da kaurin da littafin motar ya rubuta. Ka juye bayan kilomita 1,500 zuwa 2,000, ka maimaita sau biyu ko uku, kowane karo da sabuwar filta. Wankin zai tafi a hankali, filta tana kwashewa daidai ƙarfinta. Idan kuwa aka tarar da dauɗa ta yi tudu har ta rufe ƙusoshi, to babu gwangwanin da zai yi wannan aiki. Sai a sauke kaskon mai, a wanke shi da ragar da hannu, a kankare sama a tsanake ana toshe ramukan da mai ke gangarawa. Toyota da kanta, lokacin da matsalar dauɗa ta addabi wasu injunanta na ƙarshen shekarun 1990 a Amurka, Camry na ciki, a 2002 ta ɗauki nauyin gyara ko sauya injin na tsawon shekara 8 ga masu shaidar juye. Injinka ba ya cikin waɗancan, amma ka ga irin aikin da dauɗa mai nauyi take ci.

A sa bakaniken ya duba ɗan bawul ɗin da ke fitar da tururi daga cikin inji, wanda ake kira PCV. Abu ne mai arha, amma in ya toshe dauɗa za ta dawo ko an wanke. In kuma abin da aka gani fari-fari ne mai kumfa kuma ruwan lagireto yana raguwa, wannan zancen gasket ɗin kan inji ne, ba na wanki ba.

Bayan haka ka riƙe juye a kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga. Aikinka shi ne abin da littattafan mota ke kira aiki mai tsanani: ƙura, zafi, tsayuwa da na'urar sanyi a kunne ana jiran fasinja, cunkoson Ramadan da na Hajji inda injin ke aiki awa da awanni amma mita ba ta motsi. Ka kuma kula da inda kake sayen mai, don jabu yana yawo, kuma yana cikin abubuwan da ke haifar da irin wannan dauɗa. Ka sa a buɗe galan a gabanka.

Na tankin fetur shi lamarinsa da sauƙi. Ba ya shiga cikin baƙin mai sai ɗan abin da ba a rasa ba, aikinsa wanke bakin injekta da bayan bawul. Ka duba jikin kwalbar ka ga ko an rubuta PEA, shi ne sinadarin da aka fi sanin yana aiki. A injinka zai yi amfani, tun da fetur yana bi ta bayan bawul kafin ya shiga. A sababbin motoci masu GDI, inda ake fesa fetur kai tsaye cikin silinda, ba ya taɓa bawul ɗin sam, ko da me aka rubuta a kwali. Kwalba ɗaya a cikakken tanki ta isa, kuma ya fi kyau ka zuba ana saura 'yan kwanaki ka yi juye. Kada ka ninka, kada ka mayar da shi na kowane mako, kuma ka nisanci masu cewa suna mayar da fetur mai lamba 91 ya koma mai lamba 95, domin wasunsu suna da sinadaran ƙarfe da ke ɓata fulogi da tukunyar tace hayaƙi, ita kuma za ta iya kayar da kai ranar fahas, wato gwajin lafiyar mota na hukuma. In mota tana shaƙewa ko tana shan fetur fiye da ƙima, a fara sa mata kwamfuta a duba fulogi da filtar iska kafin a sayi kwalba.

Ko ka wanke ko ba ka wanke ba, duk ranar da jar fitilar mai ta kama kana tafiya, ka sauka gefe ka kashe motar nan take, ko da saura kilomita ɗaya ka isa gida. Ka kira mai jan mota, kuɗinsa bai kai kuɗin neman wani injin a tashlih, kasuwar kayan matattun motoci, ba.