Yawan ambato bai isa ma'aunin tasiri ba

Ka tambaya ko yawan ambaton rubuce-rubucen mai binciken ciwon fibromiyaljiya (ciwon da ke sa zafi a sassan jiki da yawa na tsawon lokaci) a takardun wasu masana ne ma'aunin tasirinsa. A'a, bai isa ba. Duba ko aikinsa ya sauya yadda likitoci ke gane ciwon.

Dubi Frederick Wolfe na Amurka. Shi ya jagoranci tsara ƙa'idojin gane ciwon na 1990, inda sai an sami zafi a wurare 11 cikin 18 da likita ya danna a jiki. A 2010 shi da abokan aikinsa suka ajiye dannawar, suka shigo da gajiya, barcin da ba ya wartsakarwa da ruɗewar tunani. A karatuna na wannan fanni, na sha ganin ana ambaton takarda don sukarta kawai, lissafin ambato kuwa ba ya bambance suka da yabo.