Yarinyar da tsirkiyarta ta tsinke sau biyu a gaban Bernstein

Tambaya: Malam na ga wani tsohon bidiyo na wata yarinya ƴar Japan tana kaɗa gogen Turawa, tsirkiya ta tsinke mata har sau biyu amma ko a jikinta, ta ci gaba. Don Allah gaskiya ne ko haɗawa aka yi? Kuma ya ake yi yaro ya kai nan?

Amsa: Gaskiya ne wallahi, ba haɗi. Sunanta Midori, an haife ta a Osaka a 1971, kuma abin ya faru ne a Tanglewood a Amurka a 1986 tana da shekara 14, shahararren mai tsara kiɗa Leonard Bernstein da kansa ke jagorantar makaɗan Boston a kan wani kiɗa da shi ya tsara. Ana tsakiyar kiɗa tsirkiyar E, wato mafi siriri cikin huɗun, ta tsinke, sai ta juya ta karɓi gogen babban mai gogen ƙungiyar, don dama al'adarsu ce shi ke miƙa nasa in haka ta faru. Ba a jima ba wannan ma ta tsinke, ta sake karɓar na mataimakinsa ta ƙarasa. Bayan kwana biyu labarin na shafin farko na jaridar New York Times.

To ga abin da masu kallo ba sa lura da shi. Wuyan gogen nan sumul yake, babu wata alama da ke nuna maka inda zaka ɗora yatsa kamar yadda jita ke da su, duk wanda ya taɓa zama kusa da mai kukuma ya san zancen, kunne ne da yatsa kawai. Nata gogen kuma ya ɗan fi na manya ƙanƙanta saboda hannunta, kenan da ta karɓi na aro duk tazarar da yatsunta suka saba ta canja, ka kauce kaɗan ɗin nan sauti ya ɓaci kowa ya ji, amma ta gyara nan take ana cikin gudu. Ni wannan ne ke ba ni mamaki har yau, fiye da rashin tsoron ma.

Batun yadda ta kai nan kuwa, baiwa akwai ta amma ba ita kaɗai ba ce. Mahaifiyarta Setsu Goto ita ma mai goge ce, ita ta fara koya mata tun tana wajen shekara 3 da wani ɗan mitsitsin goge na yara, kullum atisaye na awanni. A 1982 suka tattara suka koma New York ta shiga hannun malamar goge Dorothy DeLay a makarantar kiɗa ta Juilliard, kuma a daren ƙarshen shekarar jagoran makaɗa Zubin Mehta ya fito da ita gaban jama'a da makaɗan New York Philharmonic tana da shekara 11.

Sai dai kar a ɓoye, ta biya kuɗin abin da lafiyarta. Ita da kanta ta bayyana cewa daga baya ta yi fama da ciwon ƙin cin abinci da ciwon damuwa har aka kwantar da ita asibiti, shi yasa ni in iyaye suka ce min suna so ɗansu ya zama kamarta sai na fara tambaya ko yaron yana samun barci da wasa. A 1992 ta kafa ƙungiyar Midori & Friends don kai darasin kiɗa makarantun gwamnati na New York.