Amsa kan sayen Dodge Challenger ta hannu

Ka tambaya ko ya dace ka sayi motar Dodge Challenger R/T ƙirar 2016 da aka shigo da ita daga Amurka. Za ka iya saye, amma kada ka biya ko sisi sai makaniken da ya san injin Hemi mai silinda takwas ya saurare shi tun yana sanyi har ya ɗauki zafi.

Dalilina shi ne, wannan inji mai lita 5.7 an san shi da lalacewar lifta (ƙaramin ƙarfen da ke taimakawa wajen buɗe bawul ɗin injin), wadda takan cinye kamshaf (sandar ƙarfe mai juyawa da ke tura liftar), musamman idan an saba barin motar a kunne tana tsaye ko an yi sakaci da juyen baƙin mai. Tawa ta fara ne da wata siririyar ƙara kamar ta keken ɗinki, na yi biris da ita, daga baya sai da aka buɗe injin, na kuma daɗe ina jiran kayan gyara daga waje. Idan ƙarar ta ɓace da injin ya yi zafi, galibi kusoshin bututun hayaƙi ne suka karye, gyaransu ya fi sauƙi. Idan ta ci gaba kuwa, ka bar wa mai ita kayarsa.