Mai ba da shawara a makaranta ko likitan Kware?

Hajiya, kin tambaya ko ɗiyarki da ta daina cin abinci da barci tun da jarrabawar WAEC ta matso za ta wadatu da malamin ba da shawara na makarantarsu, ko sai an kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa a Kware, jihar Sakkwato.

Aikinsu ya bambanta. Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya tanadi masu ba da shawara a makarantu, kuma horon da ake ba su, irin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya fi karkata ga sauraron ɗalibi, da zaɓen darussa da sana'a, da rage fargabar jarrabawa ta hanyar tattaunawa. Ba su rubuta magani. A ganina ki fara da malamin ba da shawara, muddin ba a cika shi da koyarwa har ya rasa lokacin zama da yara ba, abin da ya zama ruwan dare.

Amma idan halin ya wuce mako 2, ko ta ambaci cutar da kanta, kada ki jira: asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware yana da likitocin da za su duba ta, kuma zuwa can ba ya nufin hauka.