Shin gaban ƙwaƙwalwa ne ya raba mutum da biri?

Tambaya: Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a Garwa. Na daɗe ina faɗa wa ɗalibaina cewa sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda ake dangantawa da tsara al'amura da kame kai, ya ci kaso mafi girma a kan mutum fiye da a kan kowane biri. Wani ɗalibi ya tambaye ni yadda aka auna hakan, sai na rasa abin cewa. Ina gaskiyar maganar?

Amsa: Malam, ɗalibin nan ya yi tambaya mai kyau, domin maganar da kake koyarwa tana da tushe, amma ta tsufa. Asalinta aikin Korbinian Brodmann ne, masani ɗan Jamus da ya raba fatar ƙwaƙwalwa, wato shimfiɗar da ta lulluɓe ta daga waje, yanki-yanki, ya ba kowanne lamba a 1909. A lissafinsa, ɓangaren can gaba ya kai kashi 29 cikin ɗari na fatar ƙwaƙwalwar mutum, na cimfanzi kuwa kashi 17. Littattafan makaranta sun yi ta gadon waɗannan alƙaluma kusan ƙarni guda.

A 2002 Katerina Semendeferi da abokan aikinta suka sake awon da na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki, a kan mutane da birai masu rai. Sun gano cewa sashen gaba gaba ɗayansa ya ɗan haura kashi ɗaya cikin uku na fatar ƙwaƙwalwa a wurin mutum, kuma kusan haka yake a wurin cimfanzi da gorila da orangutan. Ƙananan birai ne kawai suka tsaya wajen kashi 30 cikin ɗari. Gaban ƙwaƙwalwarmu ya fi nasu girma ƙwarai, amma dalilin shi ne ƙwaƙwalwar ce duka ta fi girma: tamu tana kai giram 1,300 zuwa 1,400, ta cimfanzi kuwa wajen giram 400. Sai dai a lura, Brodmann ya auna ɓangaren can gaba ne kaɗai, su kuwa sun haɗa har da yankin da ke sarrafa motsin jiki, saboda haka masana suna ja-in-ja har yau a kan wancan ɓangaren, musamman da yake ba shi da iyakar da ido ke gani.

A ganina, an ɓata lokaci mai yawa a kan girma, alhali bambancin da ya fi nauyi yana cikin yadda sassan suke haɗe da juna. Idan ka sayi kan rago wajen mahauci, ka fasa ƙoƙon a hankali, ka yanka ƙwaƙwalwar gida biyu, za ka ga wata siririyar fata mai ruwan toka ta bi duk lanƙwasar waje, ciki kuma fari fat. Mai ruwan tokar nan ita ce mazaunin ƙwayoyin jijiya, farin kuwa zaruruwa ne da ke kai saƙo daga wannan yanki zuwa wancan. Wani bincike na 2005 ya nuna cewa a can gaban ƙwaƙwalwar mutum farin nan ya fi yawa fiye da yadda ake zato idan aka gwada da birai. Misali mafi armashi shi ne yankin magana da likitan Faransa Paul Broca ya bayyana a 1861, wato yankuna na 44 da 45 a lambobin Brodmann. Cimfanzi yana da makamantansu, har ƙananan birai ma suna da su, ga shi kuma ba sa magana. Abin da James Rilling ya nuna a 2008 shi ne damin zaruruwan da ya tashi daga yankin maganar ya lanƙwasa zuwa gefen kunne ya shiga can cikin yankin fahimtar kalmomi a wurin mutum, a wurin cimfanzi ya taƙaita, a ƙaramin biri kuwa da ƙyar ake ganin wannan reshe. Ga kuma batun lokaci: zaruruwan gaban ƙwaƙwalwar mutum ba sa gama nuna sai ya wuce shekara 20, na cimfanzi kuwa suna kammala wajen balagarsa. Duk malamin da ya taɓa riƙe ajin samari ya san wannan ba tare da na'ura ba.

Dalilin da ya sa ake wannan gwaji da birai masu rai shi ne ƙwaƙwalwa ba ta zama dutse kamar ƙashi. A Yulin 2001 aka tsinci ƙoƙon kan Toumaï, wata tsohuwar halitta da ake ɗauka tana kusa da tushen zuriyar mutum, a hamadar Jurab da ke arewacin Cadi, a aikin tawagar Michel Brunet, kuma an ƙiyasta shekarunsa kusan miliyan 7. Cikin ƙoƙon bai wuce na cimfanzi ba, wajen mililita 350, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na lita, amma ba zai iya faɗa mana yadda zaruruwa suka bi ba. Saboda haka masana suke jera nau'o'in da ke raye: siffar da aka samu a mutum da cimfanzi da gwaggon biri, sai su ɗauka tsohuwa ce, wadda aka samu a mutum kaɗai kuma sabuwa ce. A nan ya kamata ka gyara wa ɗalibai wani kuskure da ya yaɗu. Masu wannan fanni ba su ce gwaggon birin da ke tsallaka titi a dajin Binuwai, tsakanin Garwa da Gaundare, shi ne kakan mutum ba. Abin da suke faɗa shi ne zuriyoyin biyu sun rabu tun shekaru miliyan 25 zuwa 30 da suka wuce, kowacce ta kama hanyarta, kuma ƙwaƙwalwar birin ita ma ta yi nata sauye-sauyen tun daga lokacin.