Me Ya Sa Ƙwayayen LED Ke Yawan Mutuwa a Garejina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni bakanike ne, garejina yana wajen Ƙofar Ƙaura a cikin Katsina. Ginin bulo ne da rufin kwano, babu silin, tsawonsa mita 8, faɗinsa mita 5, tsayin rufin kuma wajen mita 3 da rabi. Na rataya babbar fitilar LED guda ɗaya a tsakiya, an rubuta 200W a jikinta, sai ƙwayaye huɗu a kusurwoyi. Ƙwayayen ba sa wuce wata uku sun mutu. Da zarar yaron walda ya taɓa ƙarfe sai su kama ƙyaftawa, wasu kuma ko an kashe makunni suna ɗan haske da dare. Abin da ya fi damuna, in na sunkuya cikin inji inuwata ce ke rufe aikin. Wace irin fitila zan saya, kuma yaya za a ja wayar?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a sana'a. Bari mu fara da inuwar nan, domin ita ce ke nuna inda aka kauce tun farko. Haske in daga wuri ɗaya yake fitowa, duk abin da ya shiga tsakaninsa da aiki sai ya yi inuwa, ko da fitilar ta kai wat dubu. Bonet a buɗe bango ne, bayanka ma bango ne. Wurin aiki yana son fitilu masu yawa, matsakaita, a warwatse, yadda haske zai riƙa zuwa wa hannunka ta gefe biyu ko uku. Babbar fitilar nan ka mayar da ita waje ta haska farfajiya, can ne muhallinta.

Wajen saye kuma, ka daina kallon wat. Wat yana gaya maka wutar da fitila ke ci ne kawai. Hasken da take bayarwa da lumen ake auna shi, za ka ga an rubuta lm a kwali. Tsohon ƙwai mai zare na wat 60 yana ba da wajen lumen 800, LED mai kyau kuwa yakan ba da lumen 90 zuwa 120 a kowane wat. In ka ga kwalin da babu lumen a jiki sam, ka ajiye shi. Kuma fitilu marasa suna da yawa ba sa cin rabin wat ɗin da aka buga masu, abin da mai aikin lantarki zai iya tabbatar maka da mita cikin minti ɗaya.

Ga lissafin garejinka. Aikin gyaran mota yana buƙatar wajen lumen 300 a kan kowace murabba'in mita, teburin aiki kuwa 500 ko fiye. Mita 8 sau 5 ya ba da 40, sau 300 ya zama lumen 12,000. Amma wannan shi ne abin da ya kamata ya iso ƙasa, alhali kusan rabin hasken bango da kwano da ƙura ne ke shanye shi. Don haka ka ninka, ka nemi wajen lumen 22,000 zuwa 24,000. Doguwar fitilar LED mai ƙafa huɗu, wat 18, takan ba da wajen lumen 1,800. Guda 12 a sama ke nan, sai biyu a kan tebur. Duka 14 ɗin wat 252 ne kacal. Kuma kafin ka sayi ko ɗaya, ka shafa wa bangon farin fenti ko farar ƙasa. Bulo tsirara da ya sha baƙin mai yana haɗiye haske, kuɗin fentin nan ya fi ƙarin fitila biyu amfani.

Ka jera su layi biyu bisa tsawon garejin, fitila shida a kowane layi, ko gida uku mai cin biyu-biyu. Kada layin ya bi ta saman tsakiyar mota, rufin motar kawai za ka haska. Kowane layi ya kasance kamar mita 1 da ɗan wani abu daga bango, wato saman inda kake tsayawa a gefen mota. In da hali, ka gitta guda ɗaya a gaban inda hancin mota ke tsayawa, don haske ya shiga ƙarƙashin bonet. Ta tebur kuma ta kasance saman bakin teburin na gaba, ba bayan kanka ba.

Launin haske, wanda lamba mai K a kwali ke nunawa: 3000K ja-ja ne, na ɗakin kwana. 6500K fari ne fat mai shuɗi-shuɗi, shi ya fi cika kasuwa, amma yana gajiyar da ido in an daɗe. A ganinmu 4000K zuwa 5000K ya fi dacewa. In kana fenti ko bin wayoyin mota masu launi kala-kala, ka duba lambar CRI ko Ra, mai nuna yadda fitila ke fito da ainihin launin abu, kada ta gaza 80, mai fenti ma ya nemi 90.

Sai batun mutuwar ƙwayaye, inda kuɗinka ke zurarewa. Ba kasafai ƙwayar hasken kanta ke fara lalacewa ba. A gindin kowace fitilar LED akwai 'yar na'ura da masu aiki ke kira direba, ita ke juya wutar gida ta koma irin wadda fitilar ke ci. A cikinta akwai kafasita, kuma babban maƙiyinta zafi ne: a ƙa'idar da aka sani, duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage mata rabin kwana. Ka tuna yadda Katsina take a watan Afrilu da Mayu, iska kanta ta haura digiri 40 a inuwa, balle dab da kwanon da rana ta wuni tana duka. Ƙwan da aka manna a jikin katakon rufi gasuwa yake yi tun kafin a kunna shi. Maganin mai sauƙi ne: ka sauko da fitilun da sarƙa ko ƙarfe, su bar kwano da aƙalla rabin mita, su tsaya wajen mita 2.8 zuwa 3 daga ƙasa. Ka zaɓi masu bayan alminiyom, domin suna fitar da zafi fiye da na roba zalla. Saboda ƙurar hunturu da ta giranda, gidan fitila mai lamba IP65 ya fi, ƙura ba ta shiga, kuma tsumma mai ɗan danshi ya isa goge shi.

Maƙiyi na biyu hawa da saukar wuta ne. Wutar KEDCO a ƙa'ida bolt 230 ce, amma kowa ya san yadda take faɗuwa da yamma. Ka nemi fitilar da aka rubuta 85–265V ko 100–265V a jikinta, ita ba ta damuwa in wuta ta yi ƙasa. Wadda aka rubuta 220V kawai ita ce mai ƙyaftawa. Kuma ka sa 'yar na'urar nan mai yanke wuta in ta haura ko ta faɗi fiye da kima a cikin akwatin rabon wuta, a saita ta ta yanke a wajen bolt 260. Ranar da nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, ya tsinke a layi, wuta kan iya dosar bolt 400, kuma a daƙiƙa kaɗan komai ya ƙone. Janareto ma haka: ka tada shi, ka bar shi ya daidaita, sannan ka juya cenjoba. In za ka kashe, ka fara cire masa kaya.

Ƙyaftawa lokacin walda kuwa alama ce cewa injin waldar da fitilu a waya ɗaya suke. Inji yana fizgar wuta mai yawa lokacin da sanda ta taɓa ƙarfe, sai ƙarfin wutar ya faɗi a duk layin. Dole a raba su tun daga akwati. Fitilu su samu layinsu, wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 1.5 da bireka mai amfiya 6 ko 10. Soket-soket su samu waya 2.5 da bireka 20. Injin walda da kwamfuresa kowanne layinsa daban, waya 4 ko 6 gwargwadon abin da aka rubuta a farantin jikin injin. Wannan rabuwar tana da wata fa'ida da ta fi ƙyaftawa muhimmanci: in giranda ta jawo bireka ta faɗi, ba za ka tsinci kanka cikin duhu da faifai yana juyawa a hannunka ba. Wayar kuma ka kankare bakinta da wuƙa kafin ka biya. In ka ga fari a ƙarƙashin jan, alminiyom ne aka yi wa rufin tagulla, yana zafi, yana karyewa a mahaɗa.

Ɗan hasken da kake gani bayan an kashe makunni, kada ka raina shi. Mafi yawan lokuta yana nufin an ɗora makunnin a kan nutural maimakon waya mai wuta. Fitila ta mutu a ido, amma wuta na nan zaune a mazauninta, yaron da ya hau canja ƙwai zai iya taɓa ta. Makunni a kan waya mai wuta ake sa shi, wato ja a tsohon tsari, ruwan ƙasa a sabo. Nutural baƙi ne ko shuɗi, wayar atin kuma, mai kai yoyon wuta ƙasa, kore ko kore da rawaya. Kada a dogara da launi kawai, a gwada da tasta, domin wani ya iya juya su tun daga mita. In an tabbatar haɗin daidai ne amma hasken bai tafi ba, a duba ko makunnin mai ɗan jan ƙwai ne a jiki, shi ma yana zurarar da 'yar wuta.

Wayoyi duka su bi ta cikin bututun roba, kada a rataya su tsirara a jikin ƙarfen rufi, gefen kwano yana yanka rigar waya, ɓera ma yana ci. Haɗi a cikin akwatin haɗi da mahaɗa mai ƙusa, ba murɗawa da salatif ba, zafi yana sa salatif ya saki. Kowane layi da makunninsa, tebur ma da nasa, yadda da rana za ka kunna abin da kake buƙata kawai. Gidan fitila na ƙarfe da ƙarafan rufin a haɗa su da wayar atin zuwa sandar da aka kafa a ƙasa, sannan a sa bireka mai jin yoyon wuta, RCD mai 30mA. A gareji inda ƙasa ke jiƙe da ruwa da mai, wannan ita ce ke tsakanin mutum da ajali. Aikin cikin akwati ka bar wa ƙwararre, kuma a kashe babban makunni da janareto duka kafin a taɓa komai.

In kana da tsofaffin gidajen fulorasan za ka iya sa dogayen fitilun LED a cikinsu. A cire cok da sitata, a kai wuta kai tsaye. Sai dai ka karanta jikin fitilar: wata ta kai ɗaya take karɓar wayoyin biyu, wata kuma kowane kai waya ɗaya. In aka yi wa mai kai ɗaya haɗin ɗayar, ko dai ta ƙi kamawa, ko bireka ta faɗi.

Kafin ka sayi goma sha huɗu, sayi ɗaya. Ka kunna ta, ka nuna mata kyamarar wayarka. In ka ga ratsi-ratsi suna gudu a fuskar wayar, tana ƙyaftawa da saurin da ido ba ya kamawa. Irin wannan hasken yana sa ciwon kai, kuma yana iya sa fanka ko bel mai juyawa ya yi kamar a tsaye yake.

Cikin rami da ƙarƙashin mota, kada ka shiga da ƙwai mai wutar gida a bakin doguwar waya. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a rami yake taruwa, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Fitilar caji mai maganaɗisu ko ta goshi ita ce ta wurin.

In kuma kana tunanin sola, fitilun nan 14 a awa huɗu za su ci wajen yunit ɗaya. Batir mai ruwa na bolt 12, amfiya 200, rabinsa kawai ake so a riƙa sha, wato wajen yunit 1.2, don haka zai ɗauke su da kyar in babu wani kaya a kai. Idan fitilun bolt 12 za ka ja kai tsaye daga batir, ka lura da kaurin waya: wat 60 a nisan mita 10 da waya 1.5 zai zubar da fiye da bolt ɗaya a hanya, ta ƙarshen layi ta dushe. Da waya 4 asarar ba ta kai rabin bolt ba.